Ni Nake Jefa wa Baba Dayis

Sana'ata sayen fatar da kamfani ya ƙi. A Challawa, unguwar kamfanonin jima a Kano, rijet ake ce mata. Idan an jeme fatun awaki da na tumaki, akwai mutumin da yake tsayawa a gaban wani dogon tebur yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, yana ware lamba ɗaya da lamba biyu da lamba uku. Wadda ya ga yankan wuƙa ko cizon kaska ko tabon ƙazuwa ya yi mata yawa, sai ya ja mata layi biyu da farin alli ya wurga ta gefe. Wannan ta gefen ita nake saye tuli guda, in loda a a-kori-kura in kai sitona da ke Sharada, masu ɗinkin takalma da jaka su zo su tsinta. Da baro na fara, ina kwasar gutsattsarin fata a bayan katangar kamfanoni a Bompai, tun lokacin da injuna ke kuka a can dare da rana.

A kamfanin da na fi saye, mai tsayawa a gaban teburin nan wani dattijo ne mutumin Damagaram. Kowa Baba yake ce masa, har manaja. Ya haura shekara talatin a kan wannan aiki, kuma a duk shekarun da na yi ina kwashe abin da ya wurgar, ban taɓa samun fata mai kyau ko ɗaya a ciki ba. Nakan tsokane shi in ce, “Baba, ko sau ɗaya ku yi kuskure mana, mu ma mu ga haske.” Shi kuma ya ce Alhajin shara ba ya rabo da kwaɗayi.

A shekarun da nake magana a kai, wuta ta zama sai an ga dama, man janareta kuma ya yi tsadar da kamfani ba ya iya kunna shi wuni guda. Daga azahar zuwa la'asar sai a kashe komai, ma'aikata su fito su watsu a inuwa. Mu wurin zamanmu rumfar wata mai abinci ce, mutuniyar kudancin Kaduna da muke kira Madam, a tsallaken kwatar da ke ɗauke da ruwan jima mai shuɗi-shuɗi. Wanda bai saba ba ba ya iya haɗiye loma a wurin saboda wari. Mu mun daɗe da daina ji.

A nan ne mai kula da janaretan kamfanin, wani mutumin Filato da ake kira Injiniya, ya fito da wani abu daga aljihunsa wata rana ya ajiye a kan benci. Dayis ne irin na ludo, sai dai na ludo fuska shida gare shi, wannan kuwa ashirin, ja, kamar ƙwallon goriba da aka fafe. Ya ce ƙanwarsa da ke jami'a ce ta koya masa wani wasa da ake yi da shi. Ba allo, ba 'ya'ya. Mutum ɗaya ne yake riƙe da labari, sauran kowa ya zama wani a cikin labarin, yana faɗin abin da zai yi.

Ni ba mutumin wasa ba ne, zaman jiran lodi ne ya jefa ni ciki. Injiniya ya yago mana takardu daga tsohon littafin aikinsa, ya rubuta wa kowa abin da mutuminsa yake da shi: ƙarfi, zafin nama, juriya, ilimi, lura, da iya baki, kowanne da lambarsa a gefe. A ƙasa kuma ya rubuta sana'ar da mutum ya gwanance a kai, ita ma da ɗan ƙarinta. Ni na zama falke mai iya baki. Madam ta zaɓi ɓarauniya mai buɗe kwaɗo, ita da take riƙe da mukullin ɗakin ajiya na zumuntar mata a cocinsu, muka yi ta yi mata tsiya. Baba ya zama maharbi, kuma lambar da ta fi girma a takardarsa ita ce ta lura.

Yadda abin yake tafiya ba shi da wuya. Injiniya zai ce ga ku a gindin ganuwar wani tsohon gari, an yi ruwa, ƙasa tana santsi. Idan ka ce za ka hau, sai ya yanka wa aikin lamba daidai wuyarsa: mai sauƙi goma, matsakaici sha biyar, mai tsanani ashirin. Ka jefa dayis, ka haɗa abin da ya fito da lambar da ke takardarka. In ka kai, ka hau. In ba ka kai ba, ka zamo, labari ya ci gaba da kai a ƙasa. Na gane shi da wuri domin haka ciniki yake. Mai kaya yana da abin da ya ƙudurta a ransa, kai ka zo da iyawarka, sauran kuma yadda kasuwa ta tashi ne a ranar. Gwani yakan faɗi, sabon shiga yakan dace, amma in an daɗe ana yi gwanin ne a gaba.

Baba da farko ya ƙi. Ya ce malaminsu a gida ya hana su taɓa kayan caca tun suna yara, kuma bai ga dalilin da zai fara da furfura ba. Injiniya ya rantse masa ko sisi ba a ɗorawa. Kwana biyu Baba yana zaune a gefe yana cin tuwonsa, yana jin muna ɓata a dajin da Injiniya ya ƙirƙira, har ya kasa haƙuri ya ce ai duk mai hankali ya san ba a kwana a ƙarƙashin tsamiya a daji irin wannan. Daga nan ya shigo, amma da sharaɗi. Zai yi magana da bakin maharbinsa, dayis kuwa ba zai taɓa ba.

“Alhaji ya jefa min,” in ji shi. “Shi kasuwa ta riga ta gama ɓata shi.”

Haka na zama hannunsa. Duk lokacin da maharbi zai duba sawu ko ya saurari motsi a duhu, ni nake jefawa in faɗa masa abin da ya fito.

Dokoki biyu na wasan sun zauna min a kai. Ta farko, Injiniya ba ya sa a jefa dayis a kan abin da mutum ya iya kuma ba abin da ke matsa masa. Maharbi ba ya jefawa don ya ɗaure baka, ɓarauniya ba ta jefawa don ta buɗe ƙofar ɗakinta. Ta biyu ita ce ta taimako. Idan wani ya taimake ka, sau biyu za a jefa maka, a ɗauki wanda ya fi. Amma sai mai taimakon ya faɗi abin da zai yi da bakinsa.

Ranar da muka fara sanin wannan, maharbi yana neman sawun dodo a bakin rafi bayan faɗuwar rana, Injiniya ya yanka ashirin. Madam tana juya miya ta waigo ta ce Allah ya ba da sa'a, Baba.

“Amin,” in ji Injiniya. “Amma me hannunki zai yi?”

Ta tsaya da ludayi a hannu, can ta ce to, ɓarauniyarta za ta ɗaga masa fitila. Na jefa sau biyu, na farko uku, na biyu sha bakwai, maharbi ya ga sawu. Tun daga ranar maganar ta zama abin tsokana a rumfar. Tayar wani ta sace, ka ce masa Allah ya sawwaƙe, sai ka ji daga bayanka an ce amin, amma me hannunka zai yi. Har direbobin tirela da ba su san asalin maganar ba suka ɗauka.

Bayan ƙaramar Sallah ta wata shekara, ina zazzage kaya a sito sai na ci karo da fatar akuya guda mai layi biyu na alli, ba ta da aibi ko na ƙwayar gero. Na juya ta, na kai ta bakin ƙofa na duba a rana. Lamba ɗaya ce tsaf. Na yi dariya ni kaɗai, na ce yau dai na kama Baba, gobe zan kai masa ita rumfa. Kafin gobe na sami wasu huɗu a cikin tulin. Ban kai ba.

Mako na zagayowa suka ƙaru. Sai na fara kallonsa da idon da nake kallon kaya. Na lura ba ya amsa gaisuwar mutum sai ya ji murya. Na lura yana tsayawa a bakin kwata ya laluba katakon tsallakawa da ƙafa kafin ya taka. Takardar maharbinsa ya daina ciro ta daga aljihu, wai ya haddace. Da na zauna kusa da shi a rana na ga wani fari-fari a tsakiyar baƙin idonsa, kamar an ɗiga nono a shayi. Yanar ido ce. Na san ta, domin an taɓa cire wa gwaggona ita, bayan mako biyu har tana zura zare a allura.

Na kuma gane abin da ke faruwa a teburinsa. Yatsunsa suna nan, ba yankan wuƙar da zai wuce su. Amma ƙananan tabo sai ido, kuma idon yana nuna masa inuwa a inda babu. Mutum ne da ba ya iya tura abin da yake shakka a kai zuwa lamba ɗaya. Duk wadda ya yi kokwanto sai ya ja mata alli. Gaskiyarsa ce take zubowa a cikin motata.

Ba zan ƙawata abin da na yi ba. Na riƙa ware fatun nan gefe ina sayar wa masu ɗinkin jakunkuna na manya. Na gaya wa kaina tuli na saya, ba sata na yi ba, abin da ke cikin tuli kuwa na mai saye ne, kowane ɗan kasuwa ya san haka. Wannan gaskiya ne a ka'idar sana'a. Amma kullum da azahar ina zaune kusa da mutumin, ina jefa masa dayis, ina ce masa sha biyu ne Baba, da lurarku bakwai, kun gani.

Damina ta wuce a haka. Wajen kaka aka kawo sabon manaja, mai yawan duba takardu, ya ga lamba ɗaya ta ragu a kamfanin ba tare da fatun da ake kawowa sun lalace ba. Bai zargi kowa ba. Ya liƙa sanarwa cewa ranar Litinin za a gwada duk masu zaɓen fata su uku. Za a ba kowa tulin da aka riga aka tantance a ɓoye, a ga nawa zai dace. Wanda bai kai ba za a sallame shi. A ƙasan takardar an rubuta cewa wanda ba shi da lafiya ya kawo shaidar asibiti kafin ranar, a ɗaga masa zuwa wata guda.

Injiniya ne ya karanta mana a rumfa ranar Alhamis, ransa a ɓace. Ya ce ko a wasa ba a sa mutum ya jefa dayis a kan aikin da ya shekara talatin yana yi. Madam ta ce su dai masu ofis ba sa gajiya da neman abin da za su rubuta. Baba yana gefe yana wanke hannu. Shi a ganinsa fitilun sito ne suka rage haske tun da aka canja su, ya sha faɗin haka. Ya juyo wajen da nake.

“Alhaji, kai kake kwashe abin da na zubar. Hannuna yana nan kuwa?”

Ga abin da ya kamata in yi, kuma na san shi a lokacin, ba daga baya ba. In jira a tashi, in bi shi har bakin ƙofa, in ce Baba idonku ne, gobe Juma'a da safe mu je asibiti a ba mu takarda. Wata guda ya isa a yi aiki ido ya washe. Motata tana nan, asibitin na san shi. Amma in na ce ido ne, zai tambaye ni yadda na sani, daga nan kuma sai tun yaushe.

Na ce, “Allah ya ba da sa'a, Baba.”

“Amin,” in ji Injiniya, ko ɗago kai bai yi ba, “amma me hannunka zai yi?”

Aka yi dariya kamar kullum. Ni ma na yi. Baba ya ce hannun Alhaji ai ba ya komai sai jefa dayis da kwasar shara, aka ƙara wata dariyar. Lokacin tayar da janareta ya yi, kowa ya tashi. Juma'a ta zo ta wuce ina Sharada ina ɗaure kaya.

Ranar Litinin ban je Challawa da wuri ba. Injiniya ne ya ba ni labari, domin an sa shi ya bar wuta a kunne har a gama. Ya ce Baba ya yi aikinsa a natse kamar yadda ya saba, yana shafa kowace fata, yana kai ta kusa da fuska. Ko fata ɗaya marar kyau bai tura sama ba. Amma masu kyau da ya ja wa alli sun yi yawan da ba a iya kau da kai. Manaja ya kira shi ofis, ya ba shi kujera, ya yi masa magana da ladabi, ya miƙa masa takardar sallama. Da na iso na tarar da shi a rumfa, Madam ta ajiye masa abinci ya huce a gabansa. Abin da ya ce min kawai shi ne fitilun nan ba su da kirki.

Ranar Laraba na ɗauke shi a mota na kai shi asibitin ido. Abin da na kasa yi a wata biyar bai ci min awa uku ba. Likitar ta haska idon ta ce yanar ta daɗe da nuna, me aka tsaya jira. Baba ya ce shi bai sani ba. Ni na dubi ƙasa. Aka yi masa aiki a ido ɗaya, na mayar da shi ɗakinsa a Zawaciki, na riƙa kai masa magani. Mutane suna ta sa min albarka. Injiniya ya ɗauki takardar likita ya kai wa manaja, ko za a sake gwada shi. Manaja ya ce da an kawo ta kafin Litinin ɗin gwajin da ba a yi haka ba, amma yanzu an riga an ba wani teburin.

Da idon ya warke na ce masa ya zo ya riƙa tantance min kaya a sito, aikin zaune, ba mai sa shi gaggawa. Ya ce zai zo ya gani. Ya zo da hantsi, sanye da baƙin tabarau na asibiti, ya cire shi a bakin ƙofa yana kallon ko'ina kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiya. Yana ta mamakin ƙura da yanar gizo-gizo, wai ashe haka sitona yake da datti. Na shiga ciki in ɗauko masa kujera. Na manta da ɗaurin ƙarshe na fatun nan, yana jingine a bayan ƙofa yana jiran mai jaka.

Da na fito ya riga ya kwance shi. Ya ɗaga ɗaya a rana, ya juya ta, ya ajiye. Ya ɗaga ta biyu. Ya yi haka har ya kai ƙasan ɗaurin, ni ina tsaye da kujera a hannu.

“Wannan allina ne.”

“Naku ne, Baba.”

“Tun yaushe?”

“Tun bayan ƙaramar Sallah.”

Ya riƙa motsa yatsu, na san watanni yake lissafawa.

“Kuma ran nan na tambaye ka.”

“Kun tambaye ni.”

Bai ɗaga murya ba, bai kuma zage ni ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ninke fatun ɗaya bayan ɗaya, fuska a ciki yadda ake yi wa lamba ɗaya don kada ta karce, ya ɗaure su da igiyarsu ya mayar bayan ƙofa. Ya ce ya gode da ido. Na ce in kai shi gida, ya ce a'a, yanzu yana ganin hanya. Maganar aiki ba wanda ya sake tayar da ita.

Bai gaya wa kowa ba, na tabbata, domin Madam da Injiniya ba su canja min fuska ba. Bayan kamar mako biyu ya ce zai koma Damagaram wurin 'ya'yansa. Injiniya ya roƙe shi ya zo rumfa sau ɗaya a ƙarasa labarin, tunda an bar maharbi a bakin kogon dodo wata da watanni. Ya zo. Muka zauna yadda muka saba, shi a hannuna na dama. Ya gaishe ni, ya tambayi iyali, na tambayi nasa.

Injiniya ya ce kogon yana da baki uku, duhu ne a ciki, ɗaya ne kawai dodon ya bi. Maharbi ya ce zai durƙusa ya duba ƙasa. Injiniya ya yanka sha takwas, ya turo dayis tsakiyar benci. Na miƙa hannu kamar yadda na yi sau ɗari. Baba ya ɗora tafinsa a kan benci tsakanina da dayis ɗin, a hankali, bai kalle ni ba.

“Madam, zo ki jefa min.”

Ta ce ita da hannunta duk manja, ga Alhaji nan zaune. Ya ce ba komai, ta goge. Injiniya ya dube ni, ya dubi Baba. Madam ta goge hannu a zaninta ta jefa. Dayis ya gangara ya tsaya a jikin kwanon sha. Kafin wani ya buɗe baki Baba ya sunkuya ya karanta da kansa.

“Sha huɗu. Da bakwai ɗina. Na gani.”

Na janye hannuna na sa a aljihu. Aka shiga kogon, aka yi abin da za a yi, ban riƙe yadda labarin ya ƙare ba. Falkena bai yi magana ba har aka tashi, ba kuma wanda ya nemi ya yi.

Ranar Asabar ya tafi. Injiniya da Madam sun raka shi tasha. Ni ba a gaya min lokacin tashin motar ba, ban kuma tambaya ba.